Muhawara: Kai Rahoton Wanda Aka Sace Caji Ofis Yana da Amfani Kuwa?

Malam Garba, Tsafe: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Makonni uku ke nan da 'yan bindiga suka ɗauke ƙanen maƙwabcina a hanyar gona, kuma jiya bayan La'asar na tambaye shi ko ya kai rahoto caji ofis, sai ya ce bai kai ba, ba shi da niyyar kaiwa, domin abin da ke gabansa shi ne sayar da shanunsa biyu ya haɗa kuɗin fansa. Na yi ta juya maganar cikin dare, kuma na ga gaskiyarsa. Ra'ayina shi ne, a halin da Zamfara take ciki, rubuta sunan wanda aka sace ko ya ɓace a littafin 'yan sanda bai taɓa dawo da kowa gida ba. Hujjata a nan kusa take. A 2020 rundunar 'yan sandan Katsina ta bayyana jagoran 'yan bindiga Ado Aleiro a matsayin wanda take nema ruwa a jallo, ta sa ladan naira miliyan 5 a kansa, amma a watan Yulin 2022 aka naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoto da rana tsaka, a gaban jama'a. Idan sunan wanda ake nema bai hana shi zuwa fada ba, me sunan talakan da aka sace zai yi a cikin littafi?

Sufeto Umaru mai ritaya, Gusau: Wa alaikumus salam, Malam Garba. Allah Ya kuɓutar da yaron nan, Ya dawo da shi lafiya. Ba zan kare abin da ya faru a 'Yandoto ba, gwamnatin wancan lokacin ma ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Amma ka lura cewa abin da ya sa ƙasa ta ɗauki zafi a ranar shi ne akwai sanarwa a rubuce da ta nuna ana neman mutumin. Da babu ita, da naɗin ya wuce shiru kamar kowane naɗi. Na yi shekaru ina zama a kanta ina karɓar ƙara, kuma na san cewa abin da DPO yake aikawa hedikwata daga littafin nan yake fitowa, kuma da shi ake duba inda za a ƙara ma'aikata ko mota. Garin da aka sace mutum goma amma ba a kai rahoto ba, a takarda lafiya lau yake zaune.

Malama Hadiza, Talata Mafara: Yallaɓai Sufeto, maganarka ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, domin tana iya zama hujja gare ka, tana kuma iya zama hujja a kanka. A rahoton laifuka na 2017 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta tattara daga hannun 'yan sanda, Legas tana da ƙararraki sama da 50,000, maƙwabciyarmu Kebbi kuwa 205 kacal a shekara guda. Babu mai hankalin da zai ce laifi 205 aka yi a Kebbi gaba ɗaya cikin wata goma sha biyu. Abin da adadin ya nuna shi ne yawan waɗanda suka isa kanta aka kuma rubuta maganarsu. Da hukumar ta sauya hanya, ta bi gida-gida tana tambayar mutane da kansu, sai rahotonta na 2024 ya ƙiyasta cewa an biya kuɗin fansa sama da naira tiriliyan 2 cikin shekara ɗaya, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi shan wahalar. Wasu sun yi jayayya da wannan ƙiyasi, amma da me za a ƙaryata shi tunda littafin hukuma bai cika ba?

Ni malamar makaranta ce, kuma abin da ya faru a Jangebe yana raina har yau. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka ce an kwashe ɗalibai mata 317, da aka sako su ranar 2 ga Maris aka ƙirga 279. Iyaye sun kwana huɗu ba a san takamaiman adadin 'ya'yansu ba, alhali makaranta ce mai rajista da sunan kowace yarinya. To ina ga manomin da aka ɗauka shi kaɗai a bayan gari?

Malam Garba, Tsafe: Malama, kin taimake ni ba ki sani ba. Akwai kuma abin da ban faɗa ba tun farko, wato tsoro. Maƙwabcina ya ce waɗanda suke riƙe da ƙanensa sun gargaɗe shi ta waya cewa idan ya sa hukuma a ciki za su sani, kuma kowa a nan ya san akwai infoma a cikin gari. Ni kaina na taɓa raka wani ɗan'uwana wani ofishin 'yan sanda kan ɗansa da ya ɓace, aka ce mu koma sai an yi awa 24, da muka dawo aka nemi kuɗin mai. Mutumin da ke tara kuɗin fansa ba shi da na mai.

Sufeto Umaru mai ritaya, Gusau: Wanda ya ce ku jira awa 24 ya yi kuskure, Malam, ko kuma ya yi lalaci. A duk aikina ban ga dokar da ta hana karɓar rahoton ɓatan mutum nan take ba, kuma awannin farko su ne suka fi daraja, musamman idan yaro ne. Kai ƙara kyauta ne. Na kuma yarda cewa tsoron infoma gaskiya ne, shi ya sa nake ba mutane shawarar su nemi ganin DPO shi kaɗai, ko su tura wani dattijo amintacce, maimakon su tsaya a kanta suna bayani kowa yana ji. Sannan kada a manta cewa ba duk wanda ya ɓace ne yake daji ba. Wani yana tsare a hannun jami'an tsaro ko 'yan sa-kai, wani yana asibiti ba ya iya magana. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu tana da nisa, kuma dangin da suke da shaidar ranar da suka yi cigiya su ne suke da bakin tambayar inda aka kai ɗansu.

Alaramma Sani, Ƙaura Namoda: Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofa da ba a taɓa ba, domin ita ce take kawo mata gabana suna kuka. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba tana kai maganarta gaban alƙali, a yi bincike, idan ba a samu labarinsa ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ba daga ranar da ya fita gida ake fara ƙirga shekarun ba, sai bayan an kai maganar gaban hukuma. Na ga baiwar Allah da ta zauna shekaru tana jira, ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba, ga 'ya'ya, ga gonar da ba a raba ba, kuma da aka zo gaban alƙali babu wata takarda da ta nuna ranar da aka ɗauke mijin ko wurin da aka ɗauke shi. A dokar shaida ta ƙasa ma sai an yi shekara bakwai ba a ji ɗuriyar mutum ba kafin kotu ta ɗauka ya rasu. Malam Garba, ko da rubutun bai dawo da mutum ba, yana iya kwance wa iyalinsa igiyar da ta ɗaure su.

Malama Hadiza, Talata Mafara: Allah Ya gafarta Malam, wannan ya isa hujja. Ina ƙarawa da cewa kwamitin da tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ba da adadin mutum 6,319 da aka kashe da 3,672 da aka yi garkuwa da su a jihar nan daga 2011 zuwa 2019, kuma har yau da waɗannan alƙaluma ake kafa hujja idan ana maganar abin da ya same mu, saboda wasu sun zauna sun rubuta. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana da sunayen mutum sama da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, mafi yawansu daga Arewa maso Gabas, domin can ne aka daɗe ana bi ana rubutawa. Namu fa, a hannun wa suke? Abin da nake gani shi ne kowane mai unguwa da dagaci ya riƙe nasa littafin, da suna da rana da wuri, a riƙa kai kwafi wurin hakimi da DPO, yadda babu wanda zai iya cewa bai sani ba.

Malam Garba, Tsafe: Maganar Alaramma ta shige ni, domin yaron yana da mata da jariri. Gobe in Allah Ya kai mu zan raka yayansa wurin dagaci a rubuta ranar da wurin da aka ɗauke shi, tare da shaidu biyu. Caji ofis kuwa, Yallaɓai Sufeto, ba zan matsa masa ba sai ƙanensa ya taka ƙofar gida.

Sufeto Umaru mai ritaya, Gusau: Ban yarda da jinkirin ba, Malam Garba, amma ba ni ne ke da ɗan'uwa a daji ba. Ku ajiye lambar da suke kira da ita, da ranar kowane kira da abin da suka nema, a takarda ba a cikin waya kaɗai ba. Idan maƙwabcin naka ya amince, ni zan zo Tsafe da kaina in shiga da shi wurin DPO.