Ido yana ta hawaye, likita ta ce bushewa ce

Mai keke-napep: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun shigowar hunturun bana idona na hagu yake yaji kamar an watsa min yashi, hawaye kuwa ba ya tsayawa. Na ɗauka apolo ce. A asibiti likita ta ɗiga min wani ruwa mai launin ɗorawa, ta haska shuɗiyar fitila, ta ce tantanin da ya rufe baƙin idon ya kumbura, har da 'yan ƙananan raunuka, wai bushewa ce ta jawo. To yaya idon da ke zubar da ruwa zai bushe?

Malamar makaranta: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Na yi shekara biyu da wannan. Yadda aka fahimtar da ni, hawayen da ke kare ido yana da maiƙo a samansa, daga 'yan ƙofofin da ke bakin fatar ido. In maiƙon ya yi ƙaranci, ruwan sai ya ƙafe da wuri, gishirinsa ya yi yawa, ya riƙa cin tantanin. Kumburin kuma ya lalata abin da ke riƙe hawayen, bushewa ta ƙaru. Wanda kake zubarwa na raɗaɗi ne, tsinkakke, ba ya zama. Ni tsumma mai ɗumi a kan ido safe da dare ya fi taimaka min, sai hawayen roba da likita ya rubuta.

Tela: Don Allah ku guji ɗigon kemis. Wani ya ba ni mai sitiroyid, wato maganin rage kumburi, jan ya tafi a kwana biyu, na ci gaba da sa shi wata huɗu. Da aka auna, hawan jinin ido ya fara kama ni. Har yau ina jin takaici.

Uwar yara: Nawa ya zo da bushewar baki da ciwon gaɓoɓi, tuwo ma sai da ruwa yake wucewa. Gwajin jini ya nuna cutar Sjögren ce, wadda garkuwar jiki ke lalata wuraren da ke samar da hawaye da yawu. Ku faɗa wa likita duk abin da kuke ji, ba ido kaɗai ba. Babarmu kuwa ta yi ta murza idonta har ya zama gyambo, yanzu hakiya ce a wajen.

Mai keke-napep: Subhanallahi, Allah ya ba Babarku sauƙi. Na sayi tabarau mai rufe gefe saboda ƙura. Ranar Litinin zan koma a sake dubawa.