Matiron ta ce in cire barimar hanci, mai tatu kuwa ba a ce mata uffan ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya. Don Allah a ɓoye sunana. Ina aiki a ɗakin kwantar da mata na wani asibiti a Kaduna. Tun ina yarinya aka huda min hanci, kunnena kuma huji uku-uku ne. Sabuwar matiron ɗinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta ce in cire barimar hancin, kunne ma ɗaya-ɗaya kawai ta yarda, har ƙunshin da na yi na bikin ƙanwata sai da ta tanka. Abin da ya ƙona min rai, akwai abokiyar aikinmu mai tatu, wato zanen fata da ake yi da allura wanda ba ya gogewa, tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, ba a taɓa ce mata uffan ba. In kai ƙara sama ne ko in haƙura? Sannan ina shirin tafiya Ingila, na ci jarrabawar kwamfuta ta neman izinin aikin jinya, saura ta aikace da ake yi a can. Su ma haka suke?

Anti mai ritaya:
Wa alaikumussalam 'yata. Cire kawai. Ba son kai matiron ta yi ba, ke ce kika haɗa abu biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. A ɗakin majinyata ba a tambayar wane ado ne ya fi mutunci, ana tambayar wanne ne zai iya faɗuwa, ya maƙale, ko ya ɗauki datti. Barima tana iya suɓucewa ta faɗa tiren wankin ciwo. Yaro mai kuka ko majinyacin da hankalinsa ya gushe yana iya fizgar ɗan kunne ya tsaga miki kunnen. Kuma ki lura da kanki, mai barimar hanci hannunta ba ya rabuwa da wurin, musamman in takunkumi yana gogarta. Tatun da ya warke kuwa fata ce kawai, sabulu na wanke ta kamar ta kowa.

Maganar lalle ce ban bi bayanta ba. Jan lalle rini ne, ba ya ɓarewa kamar jan farce, ba ya hana wanke hannu. Ki same ta ita kaɗai, cikin ladabi, ki ce ta nuna miki abin da asibiti ya rubuta a kan shigar ma'aikata. Ƙara kuwa kada ki fara, ke za a yi wa kallon mai taurin kai.

Wani nas daga Zariya:
Anti, a yi min afuwa, amma ni na ga abin da ya yi mata zafi. Hadisin tsinuwa ga mai yin tatu da wadda ake yi wa yana cikin Bukhari da Muslim. Hujin hanci kuwa adon mata ne da malamai da dama suka halatta. A hana halal a bar wancan a fili? Tsofaffinmu ma ba sa sakin jiki da nas mai zane a hannu. Ko doguwar riga ce a sa ta ta rufe.

'Yar uwa daga Ingila:
Yayana, doguwar rigar nan ita ce ba za ta yiwu a nan ba. Tun wajen 2008 asibitocin gwamnati na Ingila suke bin ƙa'idar barin hannu a buɗe daga gwiwa zuwa yatsu in ana hulɗa da majinyaci. Babu agogo, babu warwaro, babu jan farce ko farcen roba, zobe ɗaya ne kawai mara dutse. Saboda haka, mai tambaya, tatu a fili za ki gan shi, a hannun nas, a hannun likita, babu mai ɗaga kai, sai in zanen batsa ne ko na cin zarafin wasu, shi ne ake sa a rufe. Mu Musulmi ma abin da ya fi damun mu buɗe hannun ne, ba huji ba. An yarda a sa hannun riga na leda da ake yarwa bayan kowane majinyaci, amma sai kin nema, kuma dole ki cire shi ki wanke hannu.

Hujin hanci kowane asibiti da tsarinsa. Wasu sun yarda da ƙaramar barima mai lafewa, wasu sam. Zoben hanci mai zagaye dai ki manta da shi. Ranar jarrabawar taki ki je ba komai a hanci da hannu, domin shigarki da wankin hannunki suna cikin abin da ake dubawa.

Maman biyu:
Malam na Zariya, ita mai tatun ka san addininta? Asibiti ba namu ba ne mu kaɗai. Kuma mu duba gida tukuna. Iyayenmu nawa ne da bille da kalangu da 'yar baka? Wanzami ya tsaga da aska ya shafa baƙin tukunya, wannan mene ne? Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, a sashe na 24, tatu da tsaga wuri ɗaya ta haɗa su ta haramta yi wa yaro. Ba mu taɓa cewa nas mai bille ta rufe fuska ba. Ni abin da zan tambayi mai tatu da mai huji duka shi ne da wace allura aka yi, kuma an yi gwajin ciwon hanta? Allura ko askar da aka yi wa wani da ita tana ɗauko shi. Nawa ne cikinmu suka cike allurar rigakafinsa guda uku?

Ungozoma daga Katsina:
Mai tambaya, ƙunshin naki ja ne ko dayis? In baƙi ne to matiron tana da hujja. Ana zuba masa sinadarin rinin gashi mai suna PPD, yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje har fata ta tashi, kuma hannun da ya tsage ba ya jure sinadarin wanke hannu da safar roba yini guda. Hujin kuma kada ki ji tsoron toshewa. Wanda aka yi tun yarinta ba ya rufewa don kin cire na awa takwas. Ki bar barimar a gida in za ki fito, kin dawo ki mayar.