Injin gurzar auduga: na Whitney ne ko na Holmes?

Nura Ɗanja: Assalamu alaikum. Ga maganar da na tsaya a kai: Eli Whitney ne ya ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793 a jihar Jojiya ta Amurka, aka ba shi takardar mallakar fasaha ran 14 ga Maris 1794, kuma duk injin gurza da ke aiki yau jikan nasa ne. Takardar tana ɗauke da sa hannun George Washington. Mai ja ya kawo hujja.

Malama Binta: Wa alaikumus salam. Nura, kwanan watanka daidai ne, kalmar "ƙirƙiro" ce ta yi maka yawa. Gurza ta girmi Amurka kanta. Magurjin da iyayenmu mata ke aiki da shi, dutse mai faɗi da siririn ƙarfe ana murzawa angurya tana fita gaba, shi ne tushen abin, kuma akwai zanensa a kogunan Ajanta na Indiya tun ƙarni na 5. Indiyawa suka ƙara gaba, suka haɗa sanduna biyu masu juyawa suna fuskantar juna, ana juya su da mariƙi, auduga ta wuce ta tsakani, iri ya tsaya. Irin wannan ya isa Amurka tun kafin a haifi Whitney a 1765. A 1788 ma Joseph Eve a tsibiran Bahamas ya riga ya ƙera mai sanduna da ke cusa wa kansa auduga, ana juya shi da doki ko ruwa ko iska.

Injiniya Lawal: Malama, ban ƙi ta taki ba, amma ba injin ɗaya kuke magana a kai ba. Mai sanduna matsa iri yake yi har ya zame ya bar zaren. Wannan yana tafiya lami lafiya da auduga mai dogon zare ta bakin teku, wadda irinta baƙi ne sumul. Audugar tudu kuwa, mai gajeren zare, irinta lulluɓe yake da gashi, zaren ya manne masa. Sanduna sukan ja irin ciki su fasa shi, mai ya ɓata farar auduga, ɓawon ya shiga cikinta.

Whitney ya juya dabarar ne gaba ɗaya: a tsare iri, a fizge zaren. Sassa huɗu ne. Akwai akwatin da ake zuba auduga. Akwai gangar katako da aka kakkafa mata haƙoran waya jeri-jeri, kowane haƙori a ɗan tanƙware wajen da gangar ke juyawa. Akwai shingen ƙarfe mai tsaga-tsaga tsakanin akwatin da gangar, tsagar ta ishi haƙori da zaren da ya kamo, ba ta ishi iri ba. Sai ganga ta biyu mai burushi, tana juyawa saɓanin ta farko kuma ta fi ta gudu, tana share zaren daga haƙora tana watso shi waje. In ka cire burushin nan, cikin ɗan lokaci haƙora su cushe, aiki ya tsaya. Mutum ɗaya da hannu yakan tsince laba ɗaya a wuni. Ƙaramin injin nan na hannu yana fitar da laba 50 a wuni, wajen kilo 23. Wannan dabarar babu ita a Ajanta, babu ita wurin Eve.

Nura Ɗanja: Madalla, Injiniya. Ai magana ta ƙare.

Alhaji Sale: Yaro, ba ta ƙare ba, yanzu ma aka fara. Buɗe kowane injin gurza a Funtuwa ko Gusau ka nuna mini waya ɗaya. Babu. Zarto ne, faifai-faifai a jere a kan sandar ƙarfe ɗaya, da haƙarƙarin ƙarfe tsakanin kowane zarto da ɗan'uwansa. Wanda ya karɓi takarda a kan wannan shi ne Hodgen Holmes, makanike a garin Augusta na Jojiya, ran 12 ga Mayu 1796.

Kuma ba ado ya canza ba. Waya a cikin katako tana da matsala uku. Katako yana kumbura da damina ya tsuke da rani, haƙori ya yi lako-lako ya fita. Tsakuwa ɗaya ta shiga, haƙora su lanƙwashe su riƙa gogar shinge, ƙarfe a kan ƙarfe kusa da busasshiyar auduga, kowa ya san abin da ke biyo baya. Ta uku ita ce babba: akwatin Whitney rufe yake ta ƙasa. Sai an gurje abin da ke ciki, a tsayar da injin, a zubar da iri, a sake cikawa. Haƙarƙarin Holmes ya bar ƙofa ta ƙasa, irin da aka gama gurjewa yana zubewa da kansa, kana zuba sabuwa ta sama ba tsayawa. Nan ne injin ya tashi daga kayan tsakar gida ya zama na masana'anta. Zarto kuma in ya dakushe a wasa shi, in ya lalace a zare shi kaɗai a sa wani. Maƙerin ƙauye ma yana iya yanka shi daga farantin ƙarfe, shi ya sa ya bazu kamar wutar daji.

Injiniya Lawal: Ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa a kan waya haka yake. Sai dai Whitney ya ce tun farko faifan ƙarfe mai haƙora ya so sawa, bai samu farantin ba a gonar Mulberry Grove inda ya ƙera injin, sai ya ɗauki wayar da aka kawo don ƙera kejin tsuntsu.

Alhaji Sale: Ya faɗa bayan shari'a ta taso. Abin da ke zuciya ba shi ake ba wa takarda ba, Injiniya.

Barista Hadiza: Bari in shigo nan, don takardun biyu ba su da nauyin da Nura da Baba Sale ke ɗora musu. Dokar mallakar fasaha ta Amurka ta 1793 ta soke binciken da ake yi kafin a ba da takarda a ƙarƙashin dokar 1790. Ka biya dala 30, ka rantse kai ka ƙirƙira, ka kawo bayani da zane, da samfuri in an nema, a ba ka takarda ta shekara 14. Ba mai duba ko wani ya riga ka. Sai 1836 aka dawo da masu bincike. Saboda haka takardar Holmes ba ta nuna gwamnati ta auna ta ga nasa daban yake ba, ta Whitney ma ba ta nuna shi ne na farko ba. An bar wa kotu.

A kotu kuma kalma ɗaya ta kayar da shi. Dokar ta ce mai laifi shi ne wanda ya ƙera, ya tsara "kuma" ya yi amfani da abin, ko ya sayar. Manomin da ya sa kafinta ya haɗa masa sai ya ce ni amfani kawai na yi, ban ƙera ba. Whitney da abokin kasuwancinsa Phineas Miller suka faɗi shari'ar farko a 1797. A 1800 majalisa ta mayar da "kuma" ta zama "ko". Hukuncin da ya tsaya musu sai a 1807, daga alƙali William Johnson, wanda ya ɗauki zarton Holmes a matsayin hanya mafi sauƙi ta ƙera abu ɗaya, wato haƙori haƙori ne, ko na waya ko yankakke a faifai. A lokacin kuwa wa'adin takardar ya zo ƙarshe. Ihu bayan hari. Ya nemi a sabunta a 1812, majalisa ta ƙi.

Nura Ɗanja: To ai kotu ta ba ni gaskiya, Barista.

Barista Hadiza: Ta ba ka a kan Holmes. Ba ta ce kafin Whitney ba a gurza auduga da inji ba.

Alhaji Sale: Alƙali haƙori ya kalla. Da ya tsaya bayan injin wuni ɗaya ya ga wanda ake tsayarwa a kwashe iri da wanda ba a tsayarwa, da bai kira shi abu ɗaya ba.

Malama Binta: Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: su da kansu suka jawo wa kansu satar fasahar. Miller da Whitney ba sayar da injin suka yi niyya ba. Girkawa za su yi a wurare, manomi ya kawo audugarsa. Sharaɗin da Miller ya buga a jarida a 1794 shi ne, duk laba 5 mai iri da ka kawo, a mayar maka da laba 1 gurzajjiya. Ku yi lissafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na auduga mai iri ne zare, wato laba 5 tana ba da laba 1 da sulusi biyu. Sun riƙe sulusi biyun nan, kashi 40 cikin 100 ke nan. Ga shi masana'antarsu ta New Haven ta ƙone a Maris 1795, injinan ba su isa ba, auduga ta nuna a gona. Wa zai zauna jira, alhali kafinta da maƙeri na iya haɗa masa nasa? Daga baya suka sauko. Karolina ta Kudu ta sayi haƙƙin kan dala 50,000, Karolina ta Arewa ta sa harajin sule 2 da sisi a kan kowane zarto duk shekara har shekara biyar tana ba su. Ku lura, a kan zarto aka ƙirga harajin da ake biyan mai takardar waya.

Alhaji Sale: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nura Ɗanja: Ina kuma batun cewa Catharine Greene, mai gonar, ita ta ba shi dabarar?

Malama Binta: Ita ta ba shi masauki, dukiyarta kuma ta shiga kamfanin, wannan tabbas ne. Cewa ita ta ƙirƙira, Matilda Joslyn Gage ce ta yaɗa shi bayan shekaru sama da 70, ba tare da takarda daga zamanin ba. Haka ma labarin cewa wurin bayi ya ga dabarar. Amma a nan rashin takarda ba hujja ba ce mai ƙarfi, don bawa ba ya iya rantsuwar ɗan ƙasa da ake buƙata kafin a ba da takarda. A 1858 babban lauyan gwamnatin Amurka, Jeremiah Black, ya ce abin da bawa ya ƙirƙira ba a ba shi takarda, ba a kuma ba ubangidansa. A kan wani bawa ne mai suna Ned a Misisipi da ya ƙera garmar kankare kunyar auduga. Kuma bayi ne injin ya fi shafa. Gurza ta yi sauƙi, tsinka tana nan da hannu, sai aka faɗaɗa gonaki. Bayi a Amurka wajen 700,000 ne a 1790, suka kusa miliyan 4 a 1860. Audugar da Amurka ke fitarwa ƙasashen waje ba ta kai laba 500,000 ba a 1793, ta kai miliyan 93 a 1810.

Injiniya Lawal: Nura, ƙarshen maganarka ce ba zan iya kare maka ba, cewa duk injin yau jikan nasa ne. Mai sanduna bai mutu ba. A 1840 Fones McCarthy na Alabama ya karɓi takarda a kan ganga ɗaya lulluɓe da fata, da wuƙa tsayayya manne da ita, da wata wuƙa mai kai-da-komo. Fata ta kama zare ta ja shi ƙarƙashin tsayayyar wuƙa, mai motsin ta riƙa bugun iri har ya rabu. Ba shi da saurin zarto, amma ba ya tsinka zare. Da irinsa ake gurzar auduga mai dogon zare a Masar da Jazira ta Sudan, Indiya ma yawancin gurzarta da masu ganga ne. Mu nan zarto muka gada, don kamfanin bunƙasa noman auduga na Birtaniya, BCGA, da aka kafa a Ingila a 1902 audugar tudu irin ta Amurka ya yaɗa a ƙasar Zazzau da Katsina, ya kafa gidajen gurza a Zariya, Funtuwa, Malumfashi da Gusau.

Alhaji Sale: Kuma aibin da masu kaɗin Ingila suka yi kuka da shi tun zamanin Whitney, tsinkewar zare da ƙananan ƙulle-ƙulle, yana nan a zarto. Abin da ke rage shi sananne ne. Danshin zare ya tsaya kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Ya sauka ƙasa da 5, kamar yadda hunturu ke yi mana, zare ya yi ƙarau ya riƙa karyewa, tsawonsa ya ragu, farashi ya faɗi. Ya haura 8, auduga ta fito cukurkuɗe, injin ya riƙa shaƙewa. Zarto mai faɗin inci 12, kaurinsa wajen milimita ɗaya, dole ya bi tsakiyar tsagar da ba ta fi milimita 3 ba. Haƙarƙari ya cinye a wurin da haƙori ke ratsawa, tsaga ta buɗe, sai ka ga fasasshen iri cikin farar auduga. Naɗin audugar da ke juyawa a gaban zarto kuma in an cusa shi ya yi tauri don a yi sauri, ƙulle-ƙullen su ƙaru.

Injiniya Lawal: Ka ga, Alhaji, duk gyaran da ka lissafa a kan tsaga da haƙori yake, wato a kan dabarar Whitney.

Alhaji Sale: A kan haƙarƙari da zarto yake, Injiniya. Naɗin da na ce yana juyawa, ta ina irinsa ke fita in ƙasan akwati rufe yake?

Barista Hadiza: Da za a ɗauko asalin takardun a shimfiɗa da an rage gardama, sai dai ofishin ya ƙone ran 15 ga Disamba 1836 da takardu wajen 10,000, waɗanda aka iya maidowa ba su kai 3,000 ba. Zanen Whitney da aka fi yaɗawa mai lamba 72X, bayan gobarar aka sake zana shi.

Nura Ɗanja: To na janye "duk", na bar "ƙirƙiro".

Malama Binta: Ƙara "mai haƙori" bayan "injin gurza", sai in sa maka hannu.

Alhaji Sale: Ni sai ya rubuta "mai haƙorin waya".