Maigidana yana Gombe, ina Bauchi: hirarmu ta koma ta cefane

Maman Sadiƙ, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Gombe, ni kuma ina koyarwa a nan Bauchi, don haka na zauna da yaranmu uku. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce ta hanyar Alkaleri, amma yanayin aikinsa bai ba shi damar zuwa sai sau biyu a wata. Ba ya rage mu da komai, sai dai na lura cewa duk wayar da muka yi ba ta wuce kuɗin makaranta da gas ɗin girki da tarin auta, kuma idan ya zo ranar Juma'a da dare nakan ji nauyinsa kamar baƙo. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa irin wannan zama.

Baban Hanifa, Bajoga:
Wa alaikumus salam. Iyalina suna Azare tun da na kama aiki a nan, kuma mun taɓa shiga wannan hali. Abin da ya gyara mana shi ne raba wayar gida biyu: maganar kuɗi da safe, bayan sallar isha'i kuwa ba a tayar da ita ko kaɗan. Ki sani cewa namijin da ke kwana shi kaɗai a ɗakin haya, yana cin abincin sayarwa, kewa na cinsa ko da bai furta ba, domin yawancinmu ba mu iya faɗin irin wannan magana.

Hajiya Yaya, Jekadafari:
'Yata, ki riƙa ba shi labarin abin da kike ganin bai kai a faɗa ba, kamar kazar da ta ƙyanƙyashe ko shirmen da ɗalibanki suka yi, domin da irin waɗannan ne zai ji har yanzu yana cikin gidan. Lokacin da marigayi maigidana yake aiki a Kaduna babu wayar hannu, sai wasiƙa da nake bai wa direba. Nakan haɗa masa da dambun nama da yajin daddawa a gwangwanin madara, shi kuma ya mayar mini da gwangwanin cike da turaren wuta. Idan an yi hutun makaranta, ki bar yaran wurin kakarsu ki je ki yi masa ko da kwana uku ne.

Malam Abu Ammar, Gwallaga:
An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, sannan ya ƙayyade wa mayaƙa wa'adin komawa gida. Damuwarki ba raki ba ce, kuma ya dace ki faɗa masa ita cikin ladabi.

Maman Sadiƙ:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na sayo naman dambun a kasuwar Muda Lawal, gobe zan kai tasha.