Hoto ne ya ci wa Luther yaƙi, ko wa'azi?

Bitrus: Ni ina nan a kan bakana. A gwagwarmayar Martin Luther da cocin Katolika na Roma, hotunan mai zane Lucas Cranach sun fi rubutun Luther jan talakawan Jamus, don a lokacin yawancinsu ba su iya karatu ba. A sassaƙa hoto a katako, a shafa tawada, a danna a takarda, ɗaruruwa sun fito da araha. Ku dubi ɗan littafin da ya fito a Wittenberg, garin da Luther ke koyarwa, a 1521. Shafi ɗaya Yesu ne durƙushe yana wanke ƙafafun almajiransa, na kusa da shi Paparoma bisa karaga sarakuna na sumbatar ƙafarsa. Bibbiyu haka har sau 13. Wa zai nemi tafinta?

Saratu: Yaya Bitrus, an nema mana. Ƙasan kowane hoto akwai rubutu, ayoyi da dokokin cocin Roma, Melanchthon, abokin aikin Luther, na cikin waɗanda suka haɗa. Sai mai karatu ya karanta wa jama'a kafin manomi ya san inda aka dosa.

Malam Yohanna: 'Yata ta yi gaskiya. A Zurich ta ƙasar Switzerland ma Zwingli, jagoran masu neman gyaran coci a can, da wa'azi ya yi nasara, har aka kwashe hotuna daga majami'u a 1524.

Bitrus: Ranka ya daɗe, waɗancan na bango ne da ake durƙusa wa. Nawa na takarda ne, na hannu. A Satumba 1522 Sabon Alkawari da Luther ya fassara zuwa Jamusanci ya fito da hotuna 21 a Ru'ya ta Yohanna, an ɗora wa karuwar Babila kambi mai hawa uku irin na Paparoma. Ƙorafi ya yi yawa, a bugun Disamba aka rage kambin. Da hoto ba ya cizo, me ya kai su gyara katako?

Saratu: Yana cizo, na yarda. Amma 'yan Katolika ma sun buga nasu. A 1529 Cochlaeus, malamin Katolika mai adawa da Luther, ya fitar da hoton Luther mai kawuna bakwai, wai kullum maganarsa daban. Me ya hana wannan maido da mutanen Wittenberg cocin Katolika?

Bitrus: Sun makara da shekara takwas, ƙanwata.

Malam Yohanna: Makara kaɗai ba ta isa hujja ba. A Maris 1522, da Karlstadt, wani malamin addini a Wittenberg, ya tasar wa hotunan coci, Luther mumbari ya hau, kwana takwas a jere yana wa'azi har gari ya lafa. Bai aika wa Cranach ya sassaƙo masa katako ba.