Tambaya kan zuba fiya-fiya a buhun wake

Manomi daga Kumo:
Assalamu alaikum. Ina so in ajiye waken da na girbe bana har zuwa bazara, sai wasu abokan sana'a suka ce in yayyafa masa fiya-fiya kafin in ɗinke buhu. Mene ne ainihin abin da ke cikin maganin nan, kuma shin wanki da dahuwa suna kawar da shi?

Malamin gona, Gombe:
Wa alaikumus salam, Malam. Sinadarin da ke cikinsa shi ne dichlorvos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, kuma yana cikin dangin magungunan ƙwari masu fosforas. Ruwa ne mai saurin bin iska, shi ya sa warinsa ke cika ɗaki nan da nan. Yana kashe ƙwaro ne ta hanyar toshe sinadarin da ke katse saƙon jijiya, sai jijiyoyin su yi ta aiki ba tsayawa, kuma haka yake yi wa ɗan Adam. Wanki da dahuwa suna rage shi, amma wanda ya zuba da ka bai san adadin da ya saura ba. Saboda ragowarsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Ban yarda a sa shi a abin da yara za su ci ba.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi:
Malam ya faɗi gaskiya. Wanda gubar ta kama za a ga yawu yana dalala, gumi yana keto masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, ga amai da gudawa, numfashi yana sarƙewa. Don Allah kada a ɗura masa manja ko madara, domin suna iya faɗawa huhu. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fatar da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar, a can ne ake yin allurar atropine, mai karya ƙarfin gubar.

Wani dattijo mai sayar da hatsi:
Ɗana, nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Shanya waken har sai ƙwaya ta fashe ƙaras a haƙori, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin da ke cikin waken. Ka ɗora buhunan a kan katako, ka kiyaye ɓera, domin huda ɗaya tana ɓata aikin.