Muhawara: Ɗan fansho zai fi jin daɗi a garin kan dutse a Maroko ko a Birnin Kebbi?

Baba Hedimasta, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Maganar da na yi a wurin ɗaurin aure, wadda wasunku suka ɗauka raha ce, har yanzu ina kan bakana: dattijon da ya ajiye aiki, yake da fansho da ɗan abin hannu, zai fi samun sauƙi da kwanciyar hankali a ƙaramin garin kan dutse irin Azru ta ƙasar Maroko fiye da nan. Na leƙa garin lokacin da muka je ziyara Fas, domin tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba. Yana bisa tsaunukan Atlas, wajen mita 1,250 sama da teku, daji mai manyan itatuwa ya kewaye shi, kuma ranar Talata da kasuwarsu ke ci na ga tuffa da kayan lambu jibge a ƙasa kamar yadda ake jibge albasa a Aliero. Malikiyya suke bi, kuma da Warshu limaminsu yake karatu. A nan kuwa, da zarar Afrilu ya kama zafi ya haura digiri 40, sai mutum ya kwana yana fifita.

Alhaji na Jega: Wa alaikumus salam, Yaya. Ban musa abin da idonka ya gani ba, amma tambayata ita ce, araha ga wa? Masu yabon irin waɗannan garuruwa galibinsu Turawa ne da ake biyan fanshonsu da yuro ko dala, kai kuwa da naira ake biyanka. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,500, alhali dirhamin Maroko yana nan kusa da goma a kan dala ɗaya. A misali, mai karɓar naira 150,000 a wata, wanda a da zai riƙe dirhami sama da 3,000, ya wayi gari da kusan 1,000 ba tare da kowa ya taɓa masa ko kwabo ba. Mai gidan haya kuma bai san wannan lissafi ba, dirhaminsa yake jira a ƙarshen wata. A Birnin Kebbi gidanka naka ne, shinkafar da kake ci daga fadamarka take fitowa, kuma ko fansho ya makara ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Ɗalibi a Fas: Baba, a gafarce ni da tsoma baki cikin maganar manya, amma tunda a ƙasar nake karatu ya kamata in faɗi abin da na sani. Da bazara kuka zo, lokacin da mutanen Fas da Meknas su ma suke gudu zuwa tsaunuka shan iska. Daga Disamba zuwa Fabrairu garin wani abu ne dabam: dusar ƙanƙara tana sauka, wani lokaci har ta toshe hanya, kuma a Ifran da ke maƙwabtaka da shi ne aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifiri, a 1935. Gidaje da yawa da murhun ƙarfe ake ɗumama su, don haka tun kaka magidanci yake sayen itace ya tara, kuma wannan kuɗi ba ya cikin lissafin mai ziyara. Na taɓa kwana a can cikin hunturu, da asuba na riƙe buta yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, sai da na ɗora ruwan alwala a wuta.

Sai batun takardu. Ɗan Najeriya da biza yake shiga Maroko, domin ƙasar ta nemi shiga ECOWAS a 2017 amma ba a karɓe ta ba har yanzu. Wanda zai wuce kwana 90 dole ya nemi katin izinin zama a ofishin 'yan sanda, ya nuna takardar haya da shaidar abin da zai riƙe kansa da shi, kuma doka ba ta yarda baƙo ya mallaki ƙasar noma ba. Larabcin da kuka karanta a zaure zai yi aiki a masallaci, amma a kasuwa Darija, wato Larabcin gargajiya na Maroko, da harshen Amazik na 'yan asalin yankin ake yi, a ofis kuma Faransanci yana da ƙarfi.

Baba Hedimasta: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Sanyi dai ana sa masa riga, zafi kuwa me mutum zai tuɓe bayan ya tuɓe? Shi kuma Alhaji ya manta da abin da nake kashewa a man janareta da gyaran famfon burtsatse, da kuma hidimomin da ba su ƙarewa: yau suna, gobe biki, jibi kuɗin makarantar ɗan wane. Rabin fanshona a nan yake tafiya.

Malam na Gwandu: Ni ban ga laifin ƙudurin Hedimasta ba, kuma bai kamata a yi masa taron dangi ba. Malamanmu sun daɗe suna tafiya neman ilimi da natsuwa, kuma wanda ya zauna kusa da Fas, inda Jami'ar Ƙarawiyyin take tun 859, inda kuma kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, bai yi asarar tsufansa ba. Abu ɗaya ne yake damuna. Bahaushen da ya je Kumasi ko Sudan zango yake tararwa, da sarkinsa da limaminsa da masu fura, akwai wanda zai tsaya masa idan ya yi rigima, akwai wanda zai wanke shi idan ta Allah ta kasance. Ƙaramin gari irin Azru ba shi da zango. Hidimomin nan da kake kuka da su, Hedimasta, su ne za su cika maka ƙofar gida ranar da ka kwanta ciwo.

Hajiya Babba, Argungu: Malam ya taɓo inda nake jira. Na yi aikin jinya har na ajiye, kuma Yaya ya san gwiwarsa da hawan jininsa fiye da kowa. Garin da zuwa masallaci hawa ne, dawowa gangara, ga sanyi mai shiga ƙashi, ba wurin mai ciwon gaɓoɓi ba ne. Idan ciwo ya yi tsanani sai an kai mutum Meknas ko Fas, kuma baƙon da ba shi da inshora daga aljihunsa zai biya, da dirhamin nan da Alhaji ya lissafa. Sannan an tambayi matarsa kuwa? Shi zai fita masallaci ya sami abokan hira, ita kuma za ta wuni a ɗaki da mutanen da ba ta jin bakinsu.

Mutumin Zuru: Idan duwatsu da iska ake nema, ga Gembu a tsaunin Mambila ta Jihar Taraba, inda sanyi ya isa har ana noman ganyen shayi a Kakara. Da naira ake ciniki, ana jin Hausa da Fulatanci, kuma ba mai tambayar biza.

Baba Hedimasta: Gembu ba ta fi ƙarfin tunanina ba, sai dai nisan hanyar da rikicin da aka yi a yankin a 2017 suna sa ni ja da baya. Maganar Hajiya kan uwargida na karɓa, zan zauna da ita. Amma ban janye ba. Zan nemi biza in je cikin hunturun da ɗana yake tsorata ni da shi, in kama ɗaki, in rubuta duk dirhamin da na kashe, sannan in kawo muku littafin ku duba.

Alhaji na Jega: Madalla, Yaya, haka ya fi. Ka sa kuɗin jirgi zuwa da dawowa a shafin farko. Kuma tunda a daidai lokacin ne ake shirin dashen shinkafar rani, ka faɗa mana tun yanzu wanda za ka bar wa fadamar da injin ban-ruwa.